Hotunan zalɓe yana kamun kifi: dan Allah ku faɗa min gaskiya, ina matsalar take?

Sabon_Hannu

Assalamu alaikum yan uwa da iyayena a wannan harka. Wata na biyar kenan da fara ɗaukar hoton tsuntsayen bakin ruwa, kuma wallahi abin ya shiga raina sosai, musamman zalɓe in yana farautar kifi, zan iya zama awa biyu ina kallonsa ban gaji ba. Matsalata ita ce duk wanda na nuna wa hotunan sai yace masha Allah yayi kyau, shikenan, alhali ni da kaina in na buɗe a kwamfuta nasan akwai abinda ya kasa amma ban san sunansa ba balle in gyara.

Hotuna uku na saka. Na farko zalɓe ne mai ruwan toka, ya kamo karfasa tana kwance a bakinsa a gicciye, ruwa na ɗiga. Jikinsa ya fito tsaf amma kan da kifin sun yi dishi-dishi kamar an shafa musu hannu, kuma idon ya fito fari-fari kamar makaho, wannan shine yafi ɓata min rai domin safiya huɗu nayi ina zuwa kafin in samu ya kama a gabana. Na biyu ƙaramin farin zalɓe ne mai baƙin baki da rawayen tafin ƙafa, shi kuma farin ya ƙone gaba ɗaya, ba ka ganin gashi ko ɗaya a bayansa, kamar an yanko farar takarda an manna. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ɗauke shi. Na uku baƙin nan ne mai rufe kansa da fukafukai kamar laima, ya fito ras babu dishi, sai dai ba kai ba ido ba kifi, ga kuma wani busasshen reshe a bayansa, na kusa goge shi ma.

Kayan aikina lens 70-300mm ne a kan ƙaramar kamara mai ƙaramin sensa, ina barin ƙofar shigar haskensa a f/5.6, ISO (ƙarfin karɓar haske na kamara) 200, shata (saurin ɗaukar hoto) kuma kamara ke zaɓa da kanta, na duba duka ukun sun faɗa wajen 1/500 na sakan. A tsaye nake ɗauka daga kan gaɓa, da hannu, ba ni da abin ɗora kamara mai ƙafa uku. Wasu sunce sai na sayi lens mai 600mm kafin in ga abin kirki, shin haka ne? Dan Allah kada a ji nauyina, duk abinda aka gani a faɗa, koyo nazo yi.

Baba_Mai_Kamara

Wa alaikumus salam ɗana. Ka ajiye maganar 600mm tukuna, 300mm a kan irin kamararka ai kamar 450mm ne a kan mai babban sensa, kuma zalɓe ba ƙaramin tsuntsu bane, mai ruwan tokan nan tsayinsa yana kai wa kusan mita ɗaya. Babu ko ɗaya cikin hotunanka uku da gajertar lens ta ɓata.

Na farkon, shata ce ta ci ka. 1/500 ta isa ta tsayar da zalɓe yana tsaye, shi yasa jikin ya fito, amma kai da wuya a lokacin sara ko lokacin da yake girgiza kifi wani abu ne daban. Wuyan zalɓe akwai wani ƙashi a ciki, na shida, wanda ya fi sauran tsawo, shi ke bashi damar lanƙwashe wuya ya tara ƙarfi sannan ya sake shi kamar an harba kibiya. Ni ba na sauka ƙasa da 1/2000 in ina jiran sara, in haske ya yarda 1/3200, a nan ne ma ɗigon ruwa ke tsayawa ɗaya-ɗaya. Daga 1/500 zuwa 1/2000 mataki biyu ne na haske, kenan ISO ɗinka zai tashi daga 200 zuwa 800, kuma kada wannan ya tsorata ka, yashi-yashin da ISO 800 ko 1600 ke kawowa ana rage shi a kwamfuta amma dishin motsi babu mai gyara maka shi. Kar kuma ka dogara da abin hana rawar hannu da ke cikin lens, hannunka kawai yake riƙewa, ba ya riƙe tsuntsu.

Akwai abu na biyu a wannan hoton da shata kaɗai ba za ta magance ba. Na lura tsuntsun ya ɗan fuskanto ka ne. A 300mm da f/5.6, in yana nesa da kai kamar mita 10, faɗin wurin da zai fito ras bai wuce santimita 25 ba gaba da baya, to in ya sara yana fuskantarka kan zai fita daga wannan wurin kafin fokos, wato saitin inda hoto zai fito ras, ya biyo shi. In kuwa gefensa yake ba ka, sarar tana tafiya ne a layi ɗaya da jikin, duk suna nisa ɗaya da kai. Saboda haka ka zaɓi mazauninka yadda zai ba ka gefe, ka matse ƙofar haske zuwa f/8 in akwai haske, dama irin waɗannan lens ɗin sun fi kaifi a f/8 in an zuƙo su ƙarshe. Fokos ka sa shi a mai bin motsi, AF-C ko AI Servo ya danganta da kamfanin kamararka, ɗigon fokos ka ɗora a kai ko gindin baki, kar ka ɗora a ƙirji.

Idon da kace kamar makaho kuwa, lafiyarsa ƙalau. Tsuntsaye suna da fatar ido ta uku, siririya, tana shafowa daga gefe ta rufe idon don kare shi daga ruwa da bugun kifi, kai kuma sai ka dace da daidai lokacin da ta rufe. Maganinta harbi a jere, ka danne ka bari kamara ta yi ta ɗauka, a cikin goma za ka samu wanda idon yake buɗe.

Na biyun kuma kamara ce ta yaudare ka. Ta kalli duhun ruwa da ciyawar da ke bayan tsuntsun ta ɗauka wuri ya yi duhu sai ta ƙara haske, farin ya tafi. A tsakar rana, f/5.6 da ISO 200, abinda ya dace wajen 1/1600 ne ko ga abu mai matsakaicin launi, farin tsuntsu kuma yana son haske ƙasa da haka, kai ko kana 1/500, kaga ka zuba masa haske ya ninka fiye da sau uku. Ka rage haske da mataki ɗaya ko biyu a maɓallin +/- in farin tsuntsu ne a kan duhu, ka kunna alamar nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda ya ƙone, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba. Amma ko a RAW ɗin in wuri ya ƙone ƙurmus babu abinda za a ciro. Sannan ƙarfe sha ɗaya ba lokacin farin tsuntsu bane, rana na bisa kai, bayansa na ƙuna ƙarƙashinsa na duhu. Awa biyun farko bayan fitowar rana da awa biyun ƙarshe kafin faɗuwarta, ranar tana bayanka, a nan ne za ka ga gashi ɗaya-ɗaya da ɗan ƙyallin nan a cikin ido.

Sai tsayuwar da kake yi a kan gaɓa. Duka ukun daga sama aka ɗauke su, shi yasa taɓo da ruwa suka zama bayan hoton kuma komai ya fito kusa da tsuntsun. Ka sauka ka kwanta, lens ya zo daidai idonsa, ka ɗora shi a kan ƙaramar jaka cike da yashi, za ka ga bayan ya yi nisa ya narke. Kuma mutum a kwance bai cika tsorata su kamar mutum a tsaye ba. Na ukun ni dai da zan haƙura da shi, tunda babu ido.

Mai_Kallon_Tsuntsaye

Baba ka yi bayani Allah ya ƙara lafiya, duk abinda ka faɗa kan shata da haske babu abin ƙari. Amma ka yi haƙuri a kan na uku ban bi ka ba, ni a wajena shine mafi kyau cikin ukun nesa ba kusa ba, kuma ƙanena dan Allah kar ka goge shi.

Dokar nan ta sai an ga ido doka ce mai kyau amma an yi ta ne saboda ido ke jawo mai kallo, to shi wannan tsuntsun abinda ya sa ya zama shi shine ɓoye kan. Yana tafiya cikin ruwa mara zurfi sai ya jefo fukafukansa gaba su haɗu su zama laima, bakin gashin na taɓa ruwa, ya sunkuyar da kai ciki sakan biyu ko uku, ya ɗago ya ƙara taku ya sake. Masana na ganin inuwar ce ke jawo ƙananan kifaye masu neman mafaka, tana kuma kawar masa da ƙyallin saman ruwa ya ga ƙasa da kyau. Wanda bai taɓa gani ba in ya kalli hotonka zai tsaya yace wannan kuma menene, kuma hoton da ya tsayar da mutum ya yi aikinsa. Abinda zan ce ka gyara shine ka datse inuwarsa ta cikin ruwa a rabi, laimar da inuwarta da sun haɗu sun zama kusan da'ira guda, kai kuma ka yanke ta ƙasa. Ko ka saka ta duka ko ka cire ta duka. Layin ruwan ma ya ɗan karkata dama, wannan minti ɗaya ne a kwamfuta.

Ni na fara ne da kallo shekaru kafin in riƙe kamara, kuma abinda nake gani a hotunanka shine kana bin tsuntsun ne a baya, sai abu ya faru kake dannawa. Mutum komai saurinsa tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna kusan kwatan sakan ne, sarar ta riga ta wuce. Sabbin kamarori wasu suna da dabarar ajiye hotunan da suka gabaci dannawa, irin Pro Capture na Olympus, amma ko babu wannan tsuntsun da kansa yana faɗa maka. Zalɓe mai ruwan toka mai jira ne, zai tsaya cak, in ya hango kifi sai kaga ya kafe ido wuri ɗaya, jiki ya karkata gaba a hankali a hankali, wuya ya fara naɗewa, wani lokaci yana ɗan kaɗa wuyan gefe da gefe amma kan bai motsi. Daga nan ka fara harbi, kar ka jira. Kuma ka tuna kifin ba a inda ake ganinsa yake ba, haske na karyewa in ya fito daga ruwa kamar yadda sanda ke lanƙwashewa in ka tsoma ta, shi yasa yake ɗaukar lokaci yana auna kusurwa.

Ƙaramin farin kuwa ba mai jira bane. Ka kalli ƙafarsa, zai miƙa ɗaya gaba yana karkaɗa ta cikin laka don ya tayar da abinda ya ɓuya, sai ya bi da gudu, fukafukai a ɗan buɗe, ya juya nan ya juya can. Shi sai ka bar masa fili a cikin hoton, kar ka zuƙo shi ya cika, in ba haka ba za ka yi ta yanke fiffike. Kar kuma ka rikita shi da balbela, ita rawayen baki gare ta da gajeren wuya kuma yawanci fara da ƙwari take bi a bayan dabbobi, in ka zauna jiran ta kamo kifi za ka daɗe.

Wani abu da mutane ke mantawa, sara ba ita ce ƙarshen labari ba, kuma ita ce mafi wuyar samu. Bayan ya kama dole ya juya kifin kai ya fara shiga, saboda ƙayoyin baya da na gefe su kwanta kada su maƙale masa, to a nan zai ɗan wurga shi sama ya cafe, in babba ne ya kai shi gaɓa ya yi ta sara, in tarwaɗa ce mai ƙaya a gefe abin na iya ɗaukar mintuna. Wannan lokacin kifin na tsakanin leɓen baki biyu a iska, shine hoton da ni nafi so, kuma kana da lokacin shiryawa. Bayan ya haɗiye za ka ga kifin na sauka a wuya, sai ya tsoma baki a ruwa, sau da yawa ya girgiza jiki gashi ya tashi. Kar ka sauke kamara sai ya gama duk wannan.

Mai_Zuum

bros ni inaga wahalar tayi yawa fa, safiya huɗu akan hoto ɗaya? ka samu ƙananan kifi ka riƙa wurga masa daidai inda kakeso ya tsaya, kwana biyu ze saba dakai ze riƙa zuwa har gabanka, haske da kusurwa duk kai zaka zaɓa. naga masu yin haka kuma hotunansu na fitowa sosai. reshen nan kuma na hoto na uku ka cireshi kawai, yanzu manhajoji na cire abu da taɓawa ɗaya babu wanda ze gane. na farkon ma akwai masu ƙara kaifi ka gwada ko ze taimaka

Baba_Mai_Kamara

Ƴata na karɓi gyara a kan na uku, na sake kallonsa da idon da kika ba ni, kin fi ni gaskiya. Na saba neman ido har ya zama in ban gan shi ba ba na kallon sauran.

Amma kai ɗana Mai_Zuum, maganar wurga kifi ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ba don wahala na da daɗi ba. Tsuntsun da ka saba masa da karɓa daga hannun mutum ya daina gudun mutane, gobe ba kai zai tarar ba, zai je wajen mai ƙugiya da zare, kuma zaren kamun kifi na daga cikin abubuwan da ke naɗe ƙafa da fiffiken irin waɗannan tsuntsayen har su mutu. Bayan haka hoton da ka samu ba hoton farauta bane, hoton ciyarwa ne, in ka rubuta a ƙasa cewa zalɓe yana farauta ka faɗi abinda ba haka ba. Wanda ya san tsuntsu ma zai gane, mataccen kifi a baki laƙwas yake, mai rai yana lanƙwashe jiki ƙayoyinsa a tsaye.

Manyan gasa ba sa wasa da wannan. Gasar Wildlife Photographer of the Year da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa, hoton da ya ci babbar kyauta a 2009 na wani kyarkeci ne yana tsallake ƙofar shinge, a farkon 2010 aka ƙwace kyautar bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin na gida ne wanda aka horar. Hoton bai canza ba, kyansa na nan, amma abinda aka ce shine ba shi bane.

Reshe kuma ya danganta da inda za ka kai hoton. In bango za ka rataya a ɗakinka, ka cire, naka ne. In za ka nuna wa mutane a matsayin abinda ka gani, ko ka bar shi ko ka faɗa cewa ka cire, yawancin gasar namun daji sun yarda da gyaran haske da launi da datsewa amma ba su yarda a cire ko a ƙara abu ba. Ni abinda nake yi tun kafin tsuntsu ya fara komai nake duba bayansa, taku ɗaya hagu ko dama ya kan kawar da reshe gaba ɗaya. Manhajar ƙara kaifi kuwa in dishin ya yi yawa irin na hoton farko ƙirƙiro gashi take yi wanda babu shi, in ka zuƙo za ka ga kamar roba.

Tunda ana maganar koto, akwai wani ɗan ƙaramin zalɓe gajere mai ɗan kore-kore a baya da ke yin wannan da kansa, ya samo ƙwaro ko gashi ko ɗan ganye ya ajiye a saman ruwa ya laɓe yana jira, in ruwa ya tafi da shi ya ɗauko ya mayar. In ka samu wannan a hoto ka samu abinda yafi kifi ɗari da ka wurga.

Malama_Mai_Hoto

Ni zan taɓa ɗaya ɓangaren tambayar ne wanda kowa ya wuce, maganar masha Allah yayi kyau da ake ce maka. Ƙanena kar ka ga laifinsu, yawanci ba ƙarya suke ba, abin ya burge su ne kuma ba su da kalmomin da za su ƙara. Amma mu da muke riƙe kamara in muka tsaya a nan mun cuci mai tambaya, haka in muka zo muka ce hoto bai yi ba muka wuce, duka biyun babu abinda mutum zai ɗauka ya tafi da shi bakin ruwa gobe. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Na taɓa saka hoton da na fi so a farkon farawata, wani da ya daɗe a harkar ya rubuta min kalma biyu, babu kaifi, ya tafi. Wata uku ban sake nuna wa kowa hoto ba. Gaskiya ya faɗa, amma bai gaya min ko rawar hannu ce ko fokos ne ko motsin tsuntsu ba, kuma waɗannan ukun kowanne maganinsa daban, in komai na hoton ya yi dishi hannu ne, in wani wuri daban ya fito ras misali ciyawar baya fokos ne ya kauce, in jiki ya fito kai bai fito ba irin naka motsi ne. Tun daga nan in zan yi magana a kan hoton wani nakan fara faɗin inda idona ya fara sauka da inda ya tafi daga nan, domin wannan mai hoton ba zai iya gani da kansa ba, shi yana kallon hoton ne tare da sanyin safiyar da jiran da ya yi, ni kuma hoton kawai nake gani. Misali naka na farko idona kan farar fatar ido ya fara sauka kafin kifin, na biyu kuma wani haske ne a kusurwar sama ta hagu ya janye ni daga tsuntsun gaba ɗaya, ban ga wanda ya ambace shi ba.

Sannan nakan tambayi me mutum yake so ya nuna kafin in ce ya yi kuskure. Akwai masu sa shata a 1/30 da gangan don sarar ta zama kamar zanen ruwa, in ka zo kana ce masa ya ɗaga zuwa 1/2000 ka amsa tambayar da bai yi ba. Kuma ina raba abinda ke kuskuren aiki da abinda ke ra'ayina, ƙonewar fari kuskure ne ana iya nuna shi a histogiram, wato jadawalin hasken hoto, amma ko a bar fili gaban tsuntsu ko a matse shi wannan ɗanɗano ne, sai in ce ni da haka zan yi. Ba na kuma zuba wa sabon shiga gyara goma a rana ɗaya, da ni ce da abu biyu kawai zan ce ka riƙe daga duk abinda aka faɗa maka, shata da kwanciya ƙasa, sauran su biyo baya. In kuma zan taɓa hoton mutum in datse in nuna masa, sai na nemi izini tukuna.

Kai ma mai tambaya ka kyauta da ka kawo lambobin kamara da lokacin da ka ɗauka, shi yasa Baba ya iya kama matsalar kai tsaye. Abinda zan roƙe ka, in ka dawo ka kawo wanda ba a datse ba tare da wanda ka datse, kuma ka fara leƙa hotunan wasu kana faɗin abinda ka gani ko da kana jin kai sabo ne, ni a nan idona ya buɗe fiye da a kan nawa.

Sabon_Hannu

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba da Anti Mai_Kallon_Tsuntsaye da Malama har da ɗan uwana Mai_Zuum, kifin dai ba zan wurga ba amma na gode da ka faɗi abinda ke ranka. Na koma jiya da yau. Na isa tun kafin rana ta fito na kwanta a inda na san yana sauka, na sa shata 1/2500, f/8, na bar ISO yana hawa da kansa har 1600, kuma gaskiya kwanciyar nan ta canza komai, bayan hoton ya zama launi ɗaya mai laushi kuma tsuntsun ya matso kusa fiye da yadda ya taɓa yi, har sai da na rage zuƙowa. Na ga karkatar jikin da Anti ta faɗa da idona, sau uku ya yi, biyu ya sara bai samu ba, na ukun ya fito da ɗan ƙaramin kifi kuma na samu inda ya wurga shi yana tsakanin baki, ido a buɗe.

Sai dai sabuwar matsala, da na kwanta ƙasa fokos ya riƙa tsallakewa yana kama ciyawar da ke tsakanina da shi, rabin hotunan ciyawa ce ras tsuntsu dishi. Sannan a wanda ya fito ɗin na yanke masa ƙafafu daidai inda suka shiga ruwa, ban sani ba ko wannan laifi ne. Na saka duka biyun, wanda ba a datse ba da wanda na datse kamar yadda Malama tace. Baƙin mai laima bai zo ba kwana biyun nan.

Mai_Kallon_Tsuntsaye

Kai madalla, wannan ai ba a haɗa shi da na farko! Ciyawar, ka rage wurin fokos ya zama ɗigo ɗaya ko ƙaramin rukuni maimakon ka bar kamara ta zaɓa, kuma ka ɗan ɗaga jakar yashin kamar tafin hannu ɗaya, ba sai lens ya taɓa ƙasa ba. Ƙafafun kuma ka bar wuri a ƙasa gwargwadon inda za su kai da ana ganinsu cikin ruwan, ido na neman wannan filin ko da bai ga ƙafar ba, wanda ba ka datse ba yana da shi, dan haka ni shi na zaɓa. Baƙin yana bin zurfin ruwa ne, in ya ƙaru ko ya ja sai ya canza wuri, ka duba inda ruwan bai wuce rabin ƙafarsa ba.